Ɗigon da Ba Ya Duba Hagu

Masu karatu, wata baiwar Allah daga cikinku ta rubuto mini ta ce labarina ya cika sanyi, wai tun da na soma ba ku shi ko ɗigon hawaye ban zubar ba. Gaskiya ta faɗa, kuma ban ji haushinta ba. Ba ɓoye muku kukan nake yi ba, babu shi ne. Tun ranar da aka shigo gidanmu da hular Baba da takalminsa ƙafa ɗaya a cikin leda, aka ce babbar mota ta buge shi a kan kekensa a mararrabar da ke hanyar kasuwa, ƙirjina ya zama kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta. Ina ci, ina sha, ina amsa gaisuwa, ina zuwa aiki. Idan aka tsunkule ni na san an tsunkule ni, amma zafin ba ya ƙarasowa.

A cikin wannan hali ake jiran in ba da amsa a kan aure.

Mai neman nawa ma'aikaci ne a wurin gwajin ido, shi ne yake auna wa mutane tabarau. Mama kuwa Likita take kiransa. Ya sha gaya mata cikin ladabi cewa shi ba likita ba ne, ita kuwa ta ce duk wanda ya sa farar riga ya leƙa cikin idon mutum, a wurinta ya gama zama likita. Autarmu ita ce ta raɗa masa Mai Kwano, sunan kuma ya bi shi. Dalili, mutum ne mai mota lafiyayya, amma rana ɗaya ya ajiye ta, ya sayi keke da wata jar hular kwano mai ramuka, irin wadda ba a cika ganin kowa da ita ba a unguwarmu. Da aka tambaye shi sai ya ce tumbi yake ragewa. Auta ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce ita ba ta ga tumbin ba, rowar mai ce kawai, ta kuma gargaɗe ni cewa idan na aure shi a kan kariyar bayan keke zai riƙa kai ni asibiti.

Tun Baba yana raye ya soma zuwa wurina. Baba mai gyaran agogo ne, kuma mutum ne da ba ya gaggawar magana. Bai taɓa cewa ya yarda ba, bai taɓa cewa ya ƙi ba. Idan Mama ta ɗauko zancen, sai ya maƙala ɗan gilashin aikinsa a idon dama, ya rufe na hagu, ya sunkuya a kan agogon wani. Haka ya tafi bai bar mana ko kalma ɗaya ba. Mai Kwano ya yi haƙuri, watanni suka wuce, sannan manyansa suka je wurin Baffa, ƙanen Baba. Baffa ya aiko cewa zai zo ranar Asabar bayan la'asar ya ji daga bakina, domin ba ya son ya riƙa ja wa mutanen kirki rai.

Kada ku ce an tilasta ni, babu wanda ya ɗaga mini murya. Matsin gidanmu na ajiyar zuciya ne. Mama takan tsaya a ƙofar ɗakina da goge-goge a hannu, ta ce yaron nan ya yi mana abin da ɗan cikin gida ma sai haka, ta wuce. Ranar Laraba da safe ina gugar doguwar rigata mai ruwan toka a kan gado, ta shigo ta zauna a bakin katifa, tana linke mayafin da na riga na linke.

"Ba ki da wata riga ne sai wannan?"

"Ita ce ba ta nuna ƙura, Mama."

"Ba ta nuna ƙura, ba ta nuna mai ita." Ta ajiye mayafin. "Ke dai ki faɗa mini, akwai abin da ya yi miki?"

Na ce babu. Ta tambaya ko akwai wani ne a wurin aiki. Na ce babu. Auta ta leƙo da buroshi a baki ta ce akwai, ai Yaya ta riga ta auri kwamfuta, sai dai Mai Kwano ya nemi izini a wurinta. Mama ta jefe ta da matashi. Na ga abin dariya ne, na kuma ja leɓena yadda ake yi.

A cikin mota saƙon Mai Kwano ya shigo, kamar kowace safiya: "Barka da tashi, ranki ya daɗe. Kin karya kuwa? Idan kin daɗe a gaban allo ki riƙa ɗaga kai ki dubi nesa." Na rubuta masa, "To. Na gode." Da za ku bi wayata ku gani, amsata ke nan tun daga sama har ƙasa.

Bari in yi muku bayanin aikina, domin ba za ku gane abin da ya faru ba sai da shi. A ofishinmu ana tsara tituna. Kafin a fasa kwalta ko a kafa fitilar ba da hannu, sai mu gina titin a cikin kwamfuta, mu zuba masa motoci da mutane na ƙarya, mu ga inda za su cushe da inda za su yi karo. Ƙaramin gari muke ce masa. Kowane abin hawa ɗigo ne mai launi da yake tafiya a kan allo, kuma kowane ɗigo sai an koya masa hali: saurinsa, tazarar da yake bari tsakaninsa da na gaba, daɗewar da yake yi kafin ya taka birki, da faɗin abin da idonsa yake kamawa ta dama da ta hagu.

Mota ba ta da wuya. Tana da layi, tana bin ta gabanta. Mai keke shi ne ciwon kai, shi ya sa aka bar mini shi ni da na zo daga baya. Mai keke yana kutsawa tsakanin mota da mota, yana hawa dakalin masu tafiya a ƙasa ya sauko, yana sa ƙafa ɗaya a ƙasa ya jira, yana rage gudu domin ya gai da wani a ɗaya hannun. Idan aka bar kwamfuta da hankalinta, sai ta jera su a bayan juna kamar ɗaliban da za su shiga aji. Domin haka ake kafa kyamara a saman dogon ƙarfe a kan titin gaske, ta ɗauki makonni tana ɗauka, na'ura ta ja zare a bayan kowane mai keke ta nuna inda ya bi. Aikina shi ne in yi ta gyara halin ɗigon ƙarya har zarensa ya hau kan zaren mutanen gaske.

Mararrabar da aka ba mu a wannan karon ita ce ta hanyar kasuwa. An ɗauki hotonta tun kafin abin da ya faru, an cire kyamarar ba da daɗewa ba kafin ranar. Babban injiniyanmu, dattijo mai yawan shan shayi, ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Ya ce ya san abin da wurin yake a gare ni, idan ina so zai ba wani. Na ce babu komai, zan yi. Ya dube ni ta saman tabarau ya daɗe, sannan ya ce to. Ba jarumta ba ce, masu karatu. Na duba cikina ne na ga babu abin da ya motsa.

Akwai wata ƙa'ida a aikinmu. Duk zaren da ya saɓa wa na jama'a ƙwarai, na'ura takan ware shi gefe, mu duba mu zubar. Yawanci kuskuren kyamara ne, ko wani ya faɗi, ko mai tura kaya ne aka ɗauka mai keke. A ranar Larabar nan na buɗe waɗanda aka ware, na ga wasu zaruruwa da suka yi kama da juna kamar hannu ɗaya ne ya zana su. Dukansu da safe ne, duk a kwanakin ƙarshe na ɗaukar. Mai keken yakan taho a gefen dama sumul, har ya iso inda zai karya hagu ya shiga hanyar kasuwa. A nan sai ya shiga titi kamar babu kowa a cikinsa. Sai mota ta zo dab da shi sannan ya fizge kan keken, ya yi tangal-tangal, ya miƙe.

Na danna domin in ga hoton.

Daga saman ƙarfen nan ba a ganin fuska, kawuna ake gani da kafaɗu. Na ga farar hula. Na ga ƙaramin akwatin katako ɗaure a kan kariya da baƙar roba. Na ga yadda gwiwar dama take buɗewa waje duk lokacin da ya taka feda, domin da dunduniya yake takawa, abin da Mama ta yi shekaru tana yi masa tsiya a kai. Akwatin nan ni na manna masa ƙyalle a ciki ina 'yar makaranta, domin kada ƙananan sukurori su riƙa gangarawa.

Abokiyar aikina a ofis ta tambaye ni ko ta rage mana sanyin na'urar sanyaya ɗaki. Na ce ta bari.

Na je na gaya wa Babban injiniya cewa akwai wani zare da nake son in ƙara dubawa, ban ce masa na wane ne ba. Ya ce idan mutum ɗaya ne in zubar, ba a tsara titi domin mutum ɗaya. Na ce to. Na dawo kujerata, ban zubar ba.

Na ɗauko ɗigo ɗaya a ƙaramin gari, na soma koya masa tafiyar Baba. Na rage masa gudu, zare bai hau ba. Na sa shi ya zama mai jinkirin taka birki, kamar yadda muke yi wa tsofaffi, bai hau ba. Na mai da shi mai ganganci da ba ya tsoron mota, sai ya riƙa kutsawa ta ko'ina, alhali Baba idan abu ya taho ta dama tun daga nesa yake kauce masa. Na rage faɗin ganinsa ta ɓangarorin biyu, ya matso kaɗan, amma bai zauna ba. Ana ta tashi cin abincin rana ana dawowa ina nan. Can sai hannuna ya kai kan ma'aunin gani, na bar dama yadda take, na ja hagu har ƙasa, na rufe ta gaba ɗaya.

Zare ya hau kan zare. Inda Baba ya shiga titi, nan ɗigon ya shiga. Inda ya fizge, nan ya fizge.

Na jingina da kujera, abubuwa suka riƙa zuwa mini ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar ana jera mini kaya a kan tebur. Kofin shayin da Baba ya yi ta turewa da gwiwar hannu, muna dariya muna cewa tsufa ya zo. Yadda ya koma zama a kujerar da bango yake hagunsa. Yadda yakan juyo da kansa gaba ɗaya idan an yi masa magana daga wancan gefen, har Mama ta ce ya soma yi mata kallon baƙuwa. Mutumin da ya shekara talatin yana aiki da ido ɗaya a rufe, wa zai lura ranar da idon ya daina gani da gaske? Shi da kansa yakan ce na hagun ɗan hutu ne, na daman ne yake ciyar da gida.

Sai na ce bari in koma baya, in ga ko tun farkon ɗaukar haka yake tafiya. Na neme shi a safiyoyin farko da hular nan da akwatin nan. Na same shi. Amma a waɗannan ranakun zarensa a miƙe yake, ya karya hagu a natse kamar kowa, shi ya sa na'ura ba ta ware shi ba. Na buɗe hoton.

Kafin mararrabar akwai wani allon talla. A ƙarƙashinsa wani mai keke yana tsaye, ƙafa ɗaya a kan dakali, yana jira. Baba yana isowa sai ya taka, ya shiga ta hagunsa, ya ɗan gota shi da rabin taya. Ya miƙa hannu yana tsai da motoci, suka karya tare, kafaɗa kusa da kafaɗa. Da suka tsallaka, Baba ya miƙe hanyar kasuwa bai waiwaya ba, shi kuwa ya juya kan kekensa ya koma ta inda ya fito. Washegari haka. Wanshekare haka. Ranar da aka yi ruwa ma haka.

Kansa ja ne, masu karatu, mai ramuka.

Wurin aikin Mai Kwano ba ta wannan hanya yake ba, yana can ɗaya gefen gari. Na bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya har na iso safiyar da ƙarƙashin allon tallan ya zama babu kowa. Baba ya iso, ya ɗan rage gudu a wurin, sannan ya shiga titi shi kaɗai. Daga ranar jan kan bai sake bayyana ba har aka cire kyamara.

Abin da na yi bayan haka, ban san sunansa ba. Na gina ɗigo na biyu, na ba shi launin ja, na ɗora shi a hagun na farko. Na sako motocin safiya. Suka tsallaka. Na sake sakowa, suka tsallaka. Sannan na cire jan, na sako. A karo na farko ya tsira, a na biyu ya tsira. A wani karon wata doguwar mota ta taho ta hagu. To, a ƙaramin gari ba a koya wa motoci buge mutum ba. Idan ɗigo biyu suka haɗu, ɗaya yakan ratsa ta cikin ɗaya, na'ura ta rubuta a gefe cewa an yi karo, shi ke nan. Motar ta bi ta kansa, ya fito ta bayanta yana taka kekensa, ya miƙe hanyar kasuwa da akwatinsa. Na mai da shi baya na sake kallo. Ban san sau nawa ba. Sai da mai shara ta taɓa kujerata da tsintsiya na ga kowa ya tashi.

Alhamis da Juma'a na je aiki na dawo. Saƙonninsa suna shigowa, ina amsawa da "To. Na gode." Mama ta sa aka wanke labulen falo, ta fito da kofunan da ba a taɓa su sai an yi baƙo. A kan tebur ɗin Baba da ke baranda har yanzu akwai agogunan da masu su ba su zo karɓa ba, kowanne ya tsaya a lokacinsa. Na zauna a wurin ina kallon su, ina tambayar kaina ko fushi nake yi. Na laluba ban samu ba. Tambaya ɗaya kawai na samu, a zaune daram kamar dutse a cikin shinkafa.

Ranar Asabar Mama ta shimfiɗa mini wata riga mai ruwan zuma a kan gado, da mayafi mai ɗinkin zare a baki, da 'yan kunnen da Baba ya saya mini ranar da na gama karatu. Na sa rigar domin kada a yi magana, na bar 'yan kunnen. Auta ta ce na yi kyau kamar hoton da ke jikin kwalin sabulu, ba ya motsi ba ya magana. Baffa ya iso bayan la'asar da sandarsa, ya zauna a falo, Mama ta zuba masa shayi, suka soma hirar ciwon gwiwa. Na gaishe shi, ya ce in ba shi ɗan lokaci ya huta, sannan mu yi maganar da ta kawo shi.

Na koma ɗaki na rubuta wa Mai Kwano: "Ka zo yanzu. A kan keke."

"Lafiya dai? Ba yau Baffa zai zo ba?"

"Yana nan. Ka zo."

Na jira shi a baranda kusa da teburin agogo. Ya shigo yana tura keken, gumi a goshinsa, hular nan a kansa, ya jingina shi a daidai inda Baba yakan jingina nasa. Ya soma gaisuwa da 'yar zolayarsa ta kullum, ya ga fuskata ya bari. Na miƙa masa wayata, na riga na ɗauko guntun hoton a ciki: farar hula da jan kai suna karya hagu tare.

Ya kalla har ya ƙare. Ya zauna a kan bencin Baba, wayar a tafin hannunsa.

"Tun yaushe ka sani?"

Ya ce tun kafin ya sayi keken. Baba ne ya je wurin aikinsu da kansa, da hujjar ya kawo wa wani agogo, ya ce a ɗan duba masa ido. Da aka auna aka ga jijiyar na hagun ta riga ta mutu, ba ta dawowa, na daman kuwa garau. Mai Kwano ya gaya masa gaskiya cewa hawan keke ya ƙare. Baba ya yi dariya ya ce idan mutanen gida suka ji, da sarƙa za a ɗaure keken, shi kuma a ajiye shi a baranda tare da agogunan da suka tsaya. Ya sa shi ya yi alkawarin ba zai gaya wa kowa ba. Mai Kwano ya ce ko ba alkawari, abin da aka gani a ɗakin gwaji ba nasa ba ne da zai ɗauka ya kai gidan mutum. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya bi hanyar ya ga inda haɗarin yake, ya sayi keke.

"Na gane wannan," na ce. "Me ya sa ka daina?"

Ya cire hular ya ɗora a gwiwa. Gashinsa ya kwanta da shatin ramukan.

"Shi ya hana ni. Wata safiya da muka tsallaka ya tsaya, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, 'Yaro, na lura idan na dube ka ba suruki nake gani ba, ido nake gani. Ba zan ba da 'yata ladan rakiya ba. Ka daina bina, in ga ko zan so ka a haka. Idan na kira ka, ka turo manyanka.'"

"Sai ka yarda."

"Ya yi mini alkawarin zai riƙa sauka ya tura keken a ƙafa."

"Bai sauka ba. Na gani, ko sau ɗaya bai sauka ba."

"Na san halinsa," ya ce. "Tun a lokacin zuciyata ta ba ni ba zai sauka ba."

"To me ya sa ka yarda?"

Ya daɗe yana juya hular. Daga falo ina jin cokali yana kaɗa kofi, da muryar Baffa yana ba da labarin wani mai magani.

"Saboda ina son ya kira ni."

Da ya yi mini ƙarya, da na san abin da zan yi da shi. Na tsaya ina kallon igiyar hular tana lilo. Na tambaye shi ko Baba ya kira ɗin. Ya zaro tasa wayar, bai nema da nisa ba, da alama wuri ne da yatsansa ya saba zuwa. Ya nuna mini sunan Baba da jan rubutu, kira ɗaya da ba a ɗauka ba, da safiyar ranar haɗarin, kafin lokacin da Baba yakan fita. Ya ce yana ɗakin gwaji da wata tsohuwa, wayar tana aljihun rigar da ya rataye.

"Ban san me zai ce mini ba. Ko 'ka turo' ne, ko 'zo ka tsallakar da ni.' Kullum sai na duba, kamar zai canja."

Auta ta leƙo ta taga ta ce Baffa yana kira, ta ga Mai Kwano, ta buɗe baki za ta yi tsiya, ta dube mu, ta saki labulen.

Na gaya masa cewa matar da ke cikin falon nan kullum sai ta sa masa albarka, kuma ba ta san komai ba. Na ce ba zan iya cewa e a kan abin da aka rufe mata ba, ba kuma zan iya cewa a'a ba tare da ta san dalili ba. Wanda aka yi wa alkawarin ya tafi. Na ce ya shiga ya gaya mata da bakinsa, a gaban Baffa, sannan a tambaye ni.

"Idan ta ce in fita mata daga gida fa?"

"Ban sani ba."

"Ke fa?"

"Ban sani ba," na ce, kuma iyakar gaskiyata ke nan.

Ya miƙe, ya rataye hular a kan keken, ya cire takalmansa a bakin ƙofa ya jera su. Tsakanin baranda da falonmu akwai wani ɗan lungu, da ƙyar mutum biyu suke wucewa a jere. Na shiga gaba. Ban ankara ba sai na ji ya zagayo ta bayana ya koma hannun haguna, ya ɗan gota ni da rabin taki. Bai san ya yi ba, idonsa yana ƙasa. A nan ne na ji wani abu a ƙirjina, tsit-tsit, irin wanda ƙafa take yi idan jini ya soma komawa cikinta. Ba daɗi gare shi ba. Na dafa bango.

Ya yi sallama. Fuskar Mama ta washe, ta gyara mayafi, ta ce ashe Likita ne, ya shigo, ɗan albarka, ga kujera. Ta dubi Baffa da murmushin wanda ya ga aiki ya zo da sauƙi. Bai hau kujerar ba. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya gai da Baffa, ya gai da ita, sannan ya sunkuyar da kai.

"Mama, ba maganar aure ce ta shigo da ni ba. Maganar idon Baba ce."

Baffa ya dube shi, ya dube ni, bai gane ba. Mama kuwa tana riƙe da butar shayi. Ta ƙarasa zuba wa Baffa har kofin ya cika, ta ajiye butar a hankali, ta tura kofin zuwa hannun damansa, kamar yadda na tuna yanzu ta koma yi wa Baba a shekararsa ta ƙarshe. Ba ta dubi kowa ba.

Ta ce, "Na hagun?"